Remington 870 ko Mossberg 500, wacce zan ɗauka?

Sabon Hannu: Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen manya. Takarduna sun fito, lasisi ya zo hannu, yanzu saura ita bindigar, kuma ni guda ɗaya tal zan saya, bani da halin tara su. Inaso ta yi min tsuntsu da zomo, in hali yayi har babbar dabba, sannan ta zauna min a gida. Duk wanda na tambaya sai yace in nemi fam-akshin, wato shotgan mai watsa ƙwayoyi da ake jan mariƙinta baya a mayar gaba da hannu don loda harsashi, toh na yarda, amma an tsayar dani a kan guda biyu, Remington 870 da Mossberg 500, kowa tasa yake yabo. Wanda ya riƙe su da hannunsa ya taimaka min da bayani, ba wanda ya gani a bidiyo ba.

Gwanin Tsokana: Wa alaikumus salam. Shikenan ka tono mana tsohuwar rigima, yau ba mai barci a zauren nan 😂

Tsohon Maharbi: Wa alaikumus salam yaro, Allah ya sanya alheri. Ni dai 870 zan ce maka kuma ga dalilina. Gangar jikinta, wato akwatin nan da duk kayan aikin suke ciki, daga dunƙulen ƙarfe guda aka sassaƙo shi. In ka ɗauke ta zaka ji ta cika maka hannu, in ka ja mariƙin baya ka mayar gaba babu wani kwaramniya, sumul take tafiya, balle samfurinta Wingmaster wadda ta sha aiki ta goge. Tun 1950 ake ƙera ta kuma tsarin bai canza ba sai ɗan abinda ba'a rasa ba, a 2009 suka cika miliyan goma. Abinda ba shi da kyau baya kai wannan adadin. Tawa ta girmi wasu a zauren nan, ban da mai da tsumma ba abinda take nema a wajena.

Bahago: Baba barka da dare, Allah ya ƙara girma, amma kar a rufe ƙaninmu da tarihi tun bai zauna ba. Ita ma 500 ɗin ai ba jiya aka haife ta ba, tun 1961 take kasuwa kuma ita ma ta haura miliyan goma. Ɗan uwa tambaya ɗaya zan maka, da wane hannu kake harbi? Don maganar sefti ce, wato makullin da ke hana bindiga tashi, ta raba ni da 870. A jikinta seftin ɗan maɓalli ne a bayan kunama da kake turawa daga dama zuwa hagu, mai amfani da dama ɗan alinsa na kai ba wahala, mu kuwa sai mun zagayo da yatsa ta ƙarƙashi, kafin ka gama tsuntsu ya yi nisa. A 500 seftin a sama yake, a ƙeyar bindigar daidai inda babban yatsa yake kwanciya, ka tura gaba jan ɗigo ya fito, ka ja baya ta kulle, ko da wane hannu, kuma idonka na ganinsa ba sai ka juya bindiga kana leƙe ba. Haka ɗan harshen da ake dannawa a buɗe ta in ba'a harba ba, a 500 yana bayan gidan kunama, yatsanka na tsakiya na kai ba tare da ka saki riƙo ba, a 870 yana gaba sai ka miƙa hannu.

Sabon Hannu: Da dama nake komai yaya.

Bahago: Toh ka rage min hujja ɗaya amma ban gama ba 😅

Tsohon Maharbi: Ka faɗa masa kuma yadda take ƙara in an girgiza ta, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Dabba mai kunne tun daga nesa ta san ka iso.

Bahago: Baba wannan kam gaskiya ne mariƙin gaban yana da ɗan wasa, ban musa ba, amma in hannunka na kai ai shiru take yi. Kuma wannan sakin da kuke wa dariya shi yasa ƙasa da yashi basu cika tsayar da ita ba.

Mai Gyara: Salam. Bari in sa baki tunda ni cikinsu nake gani ba bayansu ba. Maganar da ake ta yi cewa akwatin 870 ƙarfe ne na 500 kuma alminiyam, Baba ka yi haƙuri, bata kai yadda ake zuzuta ta ba. A duka biyun in ka tura mariƙi gaba, sakatar da ke rufe bayan harsashi tana kullewa ne a cikin wutsiyar bututun, wadda ƙarfe ce, to ƙarfin fashewar albarushi a nan yake ƙarewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, akwatin riƙe kaya kawai yake yi. Shi yasa alminiyam ɗin 500 baya zama matsala, kuma baya tsatsa. Nauyi ma duk suna wajen kilo uku da 'yan kai ne in bututun inci 28 ne, sai dai 870 nauyinta ya fi taruwa a tsakiyar hannu, wasu na son hakan don tana bin tsuntsu a natse.

Inda bambancin yake na gaske a wajena shine ranar da wani abu ya lalace. Akwai ɗan ƙarfen da ke cilla kwanson harsashin da aka harba waje in ka ja baya. A 500 da sukuru ɗaya aka ɗaure shi, sukundireba kawai kake buƙata, kana zaune a ɗakinka zaka canza. A 870 da ribit aka dasa shi a jikin akwatin, in ya karye sai an kawo wa irinmu, da kayan aiki na musamman, wani lokacin har sai an sake fentin gefen. Ba kasafai yake karyewa ba, kar in tsorata ka, amma in ya faru ka san bambancin. Sannan farcen da ke kamo gindin kwanso ya zaro shi, 500 biyu gare ta hagu da dama, 870 ɗaya ne. A ɗaya ɓangaren kuma, 500 ta yau da kullum gidan kunamarta roba ne, maɓallin seftin ma roba ne kuma shine abinda aka fi kawo min ya tsage ko sukurunsa ya saki, akwai na ƙarfe da ake sayarwa a musanya, ƙaramin aiki ne. Kwancewa don wanki 870 ta fi sauƙin mayarwa, fil biyu ka bugo kunamar ta fito gaba ɗaya, ita 500 fil ɗaya ne amma akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu tare harsashi da suke zubowa da ka cire kunamar, sabon shiga sai ya ɗan yi gumi kafin ya gane zamansu.

Sabon Hannu: Allah ya saka da alheri Malam, wannan bayanin ya shige ni. Amma na ga ana cewa wai 870 ta yanzu ba kamar ta da ba, meye gaskiyar abin?

Mai Gyara: Sunan ɗaya ne amma aji-aji ne. Wingmaster ita ce ta asali, an goge cikinta da wajenta, katako mai kyau. A 1987 suka fito da Express don mai ƙaramin ƙarfi, tsari ɗaya amma an rage aikin gugar, fatar jikinta garas-garas, kuma ita ce mutane suka fi kuka da ita kan saurin tsatsa in ta sha damshi da kuma kwanso mai arha yana maƙalewa a ɗakin harsashi, musamman waɗanda aka yi bayan 2007 lokacin da kamfanin ya koma hannun wasu masu zuba jari. Kamfanin ya durƙushe sau biyu, 2018 da 2020, aka raba shi aka sayar, masu ƙera bindigar yanzu RemArms ake ce musu, sun ajiye Express sun kawo Fieldmaster a madadinta wadda aka ƙara wa guga da fenti mai juriya. Tsohuwar masana'antarsu ta Ilion a jihar New York ma an rufe ta a 2024 aiki ya koma Jojiya. Mossberg kuwa tun 1919 har yau a hannun iyali ɗaya yake. To in wani yace maka 870, tambaye shi wacce, ta wane zamani.

Tsohon Maharbi: Atoh. Ni da nace 870 Wingmaster nake nufi, a rubuta a ajiye.

Gwanin Tsokana: Baba ya fara ja da baya a hankali 🤣

Tsohon Maharbi: Kai dai Allah ya shirye ka.

Ɗan Fadama: Ni ta wajen ruwa zan yi magana don agwagi nake bi. Abinda ba wanda ya faɗa, loda harsashi. Juya 870 ka kalli cikinta, akwai wani harshen ƙarfe da ya rufe ƙofar, shi ke ɗaga harsashi sama, to kullum a ƙasa yake sai ka danna shi da harsashin kafin ka tura, in da sanyin asuba ne kana sanye da safar hannu yana iya cafke maka bakin safar ko babban yatsa. A 500 in bindigar na rufe harshen a sama yake a maƙale, ƙofar a buɗe wayam, ka jefa ka tura kawai ko a duhu. Kuma duk wadda ka saya ka tura harsashin har sai ka ji ƙas ya kama, in ka sake shi rabi zai dawo baya. A tsofaffin 870 in ya dawo kan harshen nan yana cushe bindigar, daga baya ne suka yi wa harshen wata tsaga yadda zaka iya ja da ƙarfi ta buɗe, in ta hannu zaka saya duba ka ga ko akwai tsagar.

Ni 500 nake shiga ruwa da ita saboda bana jin ciwo in ta sha laka, na dawo na kwance na wanke na shanya. Amma kar wani ya ruɗe ka da cewa alminiyam ne bata tsatsa, bututun da magazin, wato ma'ajiyar harsashi, da sakata duk ƙarfe ne, ka kwana biyu baka shafa mai ba zaka ga ja-ja.

Sabon Hannu: Harsashi nawa kowacce take ci?

Ɗan Fadama: Irin na farauta, 500 biyar a magazin ɗaya a ɗakin harsashi, 870 huɗu da ɗaya, da gajeren harsashi kenan. Amma kafin ka yi murna duba dokar inda kake. A Amurka in tsuntsaye masu ƙaura kake harbi uku kacal aka yarda bindiga ta ɗauka, shi yasa suke zuwa da wani ɗan sanda a cikin magazin da ya rage wurin. A Ingila da lasisin shotgan na gama-gari biyu ne a magazin ɗaya a ɗaki kuma bututu kar ya gaza inci 24. Ostireliya tun 1996 suka tsaurara a kan fam-akshin, ba kowa ke samu ba. Kowace ƙasa da nata.

Mai Gyara: Ƙari a kan wannan, in kana tunanin ƙara tsawon magazin wata rana, 870 ta fi sauƙi don bakin magazin ɗinta a buɗe yake murfi ne kawai, sai dai Express da yawa an yi musu wasu 'yan lotsawa biyu a ciki da sai an kawar. A 500 bakin a toshe yake don nan sukurun da ke riƙe bututu yake shiga, in zaka ƙara sai ka canza magazin da bututun gaba ɗaya. Wanda ya damu da wannan Mossberg 590 yake saya. Ita 590A1 da ake cewa ta sojoji, mai kaurin bututu da gidan kunama na ƙarfe, ita ake wa kirari da gwajin harsashi 3,000 na sojan Amurka, amma nauyi gare ta, ba abar yawo a daji bace wuni guda. Don farauta wlh biyar ma sun yi yawa, in ka harba uku baka samu ba na huɗun asara ne.

Maman Biyu: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo maganar maza 😊 Ƙanina duk abinda suka faɗa maka gaskiya ne amma ba wanda ya tambayi tsawonka da tsawon hannunka. Yawancin bindigogin nan daga kunama zuwa ƙarshen gindi wajen inci 14 ne, an yi su ne don matsakaicin namiji. In ta maka tsawo ba zaka iya kafa ta daidai a kafaɗa ba, hannun hagunka zai miƙe tsaf, wajen ja baya sai ka kasa kaiwa ƙarshe, kwanso bai fita ba sabo bai shiga ba, sai kace bindiga ce ta ƙi alhali hannu ne bai kai ba. Ni 500 Bantam nake riƙewa geji 20, wato wadda faɗin bututunta bai kai na geji 12 ba, gindinta inci 13 kuma an matso da mariƙin baya kaɗan, akwai Super Bantam ma mai 'yan faifai da ake ƙarawa a gindi in yaro yana girma. Remington ma suna da gajerun nasu. Ka je ka ɗauki kowacce, a tabbatar ba komai a ciki, ka rufe ido ka kai ta kafaɗa kumatunka ya kwanta a katako sannan ka buɗe ido. In ɗan ƙwallon bakin bututu kawai ka gani zaune daidai, ta zauna maka. In kana ganin doron bututun duka ko kuma baka ga ƙwallon ba sam, ba taka bace ko waye ya ƙera ta.

Tsohon Maharbi: Wa alaikumus salam 'yata, wannan magana taki ta fi duk tamu. Allah ya yi albarka.

Sabon Hannu: Na gode Anti. To geji 12 ko 20? Ina ɗan tsoron dukan kafaɗa gaskiya, ban saba ba.

Maman Biyu: Kar ka ɗauka 20 bata duka. Da yake bindigar ta fi sauƙin nauyi, in ka sa mata harsashi mai ƙarfi zata tokare ka daidai da 12 ko fiye. Dukan daga nauyin harsashi da nauyin bindiga yake, da kuma yadda ka matse ta a kafaɗa. In ka bar rata tsakaninta da kafaɗarka zaka ji a jikinka.

Ɗan Fadama: Tunda guda ɗaya zaka saya kuma kana son ta yi komai, 12 kawai. Harsashinta ya fi samuwa kuma kala-kala ne, daga mai sauƙi na gram 24 ko 28 da zaka koya da shi har zuwa masu nauyi. Faɗin bututunta wajen milimita 18.5 ne, na 20 wajen 15.6. Ka nemi mai ɗakin inci 3, tana cin na inci 2¾ ma. Masu inci 3½ ɗin nan, 870 Super Magnum ko Mossberg 835 da 535, ka bar wa masu bin manyan dinya daga nesa, wahalar kafaɗa ce kawai. Lambar ƙwaya kuma a juye take, babbar lamba ƙananan ƙwayoyi, 7½ da 8 na kurciya da koyon harbi, 6 da 5 na zomo da zabin daji, 4 zuwa 2 na agwagi. Sai bokshot 00 mai ƙwaya tara a gajeren harsashi, sai silog mai dunƙule guda na babbar dabba.

Mai Zaure: Jama'a ina bin ku, hira ta yi daɗi. Abu biyu da bana bari a wuce su a zauren nan in ana maganar geji. Na ɗaya, kar harsashin 20 ya taɓa haɗuwa da na 12 a aljihu ɗaya ko jaka ɗaya. Na 20 in ya shiga bindigar 12 zamewa yake ya wuce ɗaki ya tsaya a cikin bututu, kai kuma ka ɗauka baka loda ba ka ƙara na 12 a bayansa, ka harba bututu ya fashe a hannunka. Shi yasa ake yin na 20 rawaya. Na biyu, tsawon da aka rubuta a kwalin harsashi tsawonsa ne bayan an harba bakin ya buɗe, don haka na inci 3 zai shige ɗakin 2¾ lafiya lau kamar nasa, sai an harba bakin ya rasa wurin buɗewa matsi ya hau. Karanta abinda aka buga a jikin bututun, shine alƙali.

Mai Gyara: Wannan na biyun ya shafi masu neman tsohuwar Wingmaster sosai, don da yawansu 2¾ ne kawai. Dubi lambar jikin akwatin, a geji 12 in ta ƙare da V ta gajeren harsashi ce, in ta ƙare da M magnum ce mai cin inci 3. Ko ka ɗaura wa mai V bututun inci 3 ba zata cilla dogon kwanso daidai ba. Kuma tsofaffin bututu matsin bakinsu a dashe yake ba'a canzawa, sai a 1986 Remington suka kawo cok mai ɗaurawa. In tsohon bututu ne mai matsattsen baki kar ka sa masa ƙwayar ƙarfe, bata lotsuwa kamar dalma, tana iya kumbura bakin. Wurare da yawa kuma an hana dalma a kan tsuntsayen ruwa, Amurka tun 1991.

Sabon Hannu: Malam cok ɗin nan fa ban gane shi sosai ba.

Mai Gyara: Ɗan guntun bututu ne da ake ɗaurawa a cikin baki, shi ke ƙayyade yadda ƙwayoyi zasu bazu. Sabuwar 500 ta farauta yawanci da guda uku take zuwa, mai sakin baki na kusa, matsakaici, da matsattse na nesa. Yadda ake aunawa, a kafa takarda a yadi 40 a zana da'ira mai faɗin inci 30, matsattse yana zuba wajen kashi 70 cikin ɗari a ciki, matsakaici wajen 60, mai saki wajen 50. Ka ɗaura matsakaicin ka manta da sauran tukuna. Amma ka samu babban kwali ka harba ka gani da idonka, don bindiga biyu iri ɗaya da harsashi ɗaya sai kowacce ta zuba nata daban. Na Remington baya shiga Mossberg, zaren ba ɗaya ba, kuma kar ka harba ba cok a ciki zaka ɓata zaren.

Bahago: Ga hujjata ta ƙarshe ɗan uwa. Tunda kace farauta da gida, Mossberg suna sayar da 500 da bututu biyu a kwali ɗaya, dogo inci 28 na tsuntsu da gajere 18.5, ko kuma dogon da na silog mai zare a ciki inci 24. Sukuru ɗaya zaka kwance da hannu ka zare wannan ka sa wancan, minti ɗaya bai cika ba. In aljihu ya yi nauyi ma akwai ƙanwarta Maverick 88 da ake haɗawa a Eagle Pass ta Texas, bututun 500 na shiga jikinta, sai dai ita seftinta ba a sama yake ba, a gaban kunama yake.

Tsohon Maharbi: 870 ma ai murfi ɗaya ake kwancewa a canza bututu, kuma kayan canjinta suna da yawa ƙwarai. Kar ka sa yaro ya ɗauka ku kaɗai kuka iya.

Ɗan Fadama: Ku dai faɗa masa bututu mai zaren nan na silog ne kawai, in ya sa masa ƙananan ƙwayoyi watsa su zai yi zobe tsakiya ba komai. Silog na gama-gari kuwa yana tafiya lafiya a bututu mai santsi da sakakken cok, a tazarar mita hamsin zuwa saba'in ya wadatar in ka gwada ka san inda take kaiwa.

Gwanin Tsokana: Ni dai ba wanda ya ce a saya mai riƙon fistol irin na fim? 😎

Mai Gyara: Kai kuma ka zo. Wadda ba gindi sai riƙo kawai ba ta farauta bace, ba abinda zaka samu sai ciwon wuyan hannu. In kuma gindi ne mai haɗe da riƙon fistol, a nan 870 ta fi dacewa, don a 500 babban yatsanka ya koma ƙasa ba zai kai seftin sama ba sai ka saki riƙo.

Mai Zaure: Maganar ajiya a gida tunda ya ambata. Seftin duka biyun kunama kawai yake tarewa, bai riƙe hamar da ke ciki ba, don haka bindiga mai harsashi a ɗaki in ta faɗi da ƙarfi ba'a bada tabbas. Kar ka jingina ta a bango a lode, kar ka tsallake rami ko shinge ko ka shiga mota da harsashi a ɗaki. A gida a kulle a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wurin daban a kulle, makulli a jikinka, balle in akwai yara. Kuma ka samu wanda ya iya ya tsaya a kanka ranar farko, da abin toshe kunne da gilashi.

Maman Biyu: Ƙanina wani abu na manta, ka taɓa gwada wane ido ne yake jagora a wajenka? Miƙa hannuwanka biyu ka haɗa su ka bar 'yar ƙofa a tsakiya, ka kalli wani abu mai nisa ta ciki da ido biyu a buɗe, sai ka rufe na hagu. In abin yana nan idon dama ne jagora, in ya ɓace na hagu ne. Gwada yanzu ka faɗa mana.

Sabon Hannu: Ikon Allah. Anti na gwada da ƙwan fitila, ina rufe na hagu sai ya ɓace, na sake na sake haka ne. Kenan na hagu ne? Amma ni da dama nake rubutu fa.

Bahago: ALLAHU AKBAR 😂😂 Barka da zuwa gida ɗan uwa, ashe namu ne.

Maman Biyu: Ana samun haka da yawa. A shotgan ba saiti ake yi da ido ɗaya ba, ido biyu a buɗe kake bin tsuntsu, to in ka kafa a kafaɗar dama alhali idon hagu ke jagora zaka dinga zubawa gefe kana mamaki. Tunda baka saba da kowane ɓangare ba tukuna, koyo a kafaɗar hagu tun yanzu ya fi sauƙi. Wasu kuma suna manna ɗan tef a gilashin idon hagu su ci gaba da dama, shi ma yana yi.

Tsohon Maharbi: Toh in a hagu zai koya ba zan yi gardama ba, seftin sama ya fi masa. Amma a sani Remington sun yi 870 ta bahagwai wadda take cilla kwanso ta hagu, sai dai samunta sai an tona, kuma bututunta daban ne ba ya shiga ta dama. Ana kuma iya sa wa ta dama seftin hagu wajen mai gyara.

Sabon Hannu: To Yaya Bahago kwanson da yake fita ta dama baya dukan fuska in ka kafa a hagu?

Bahago: Ta gaban ido yake wucewa, kwana biyun farko zaka lura da shi daga baya ka daina gani, gilashi dai kar ka bari. Ka je ka kafa duka biyun a kafaɗar hagu yadda Anti tace kafin ka biya.

Sabon Hannu: In sha Allah haka zan yi, zuciyata ta karkata ga 500 mai bututu biyun amma sai na ɗauke su na ji. Na gode ƙwarai Baba, Malam, Anti da kowa, Allah ya bar zumunci.

Mai Gyara: Amin. In ka ɗauko kar ka wuce da ita daji daga kwali, man da suke shafawa a masana'anta na hana tsatsa ne, danƙo gare shi. Cire bututun ka wanke ɗakin harsashi da burushi har ya yi ƙyalli, ka ɗiga mai kaɗan a sandunan nan biyu na mariƙi, ka duba cok ɗin a ɗaure yake tam. In wani abu ya zubo ka rasa inda yake ɗauki hoto ka turo.